Sanarwar da Muke Gani, Hukuma Ba Ta Gani

Mai girma shugaban wannan taro, limamin cocinmu, Fada Cathal Gavin. Shugabar makarantar firamaren Kilvarra, Malama Nuala Conneely, da malaman da ke tare da ita. Mai girma kansilanmu, wanda ya baro tumakinsa ya zo. Iyayen yara da kakanninsu. Da ku da kuke tsaye a bakin ƙofa da rigunan ruwa a hannu: ina yi muku barka da rana, ina yi muku barka da fitowa daga sujada.

Ina gode wa Fada da ya ara mana wannan zaure, ina gode wa matan da suka dafa shayi, ina kuma gode muku duka da kuka jinkirta abincin ranar Lahadi domin ku saurari mutumin da shi kansa bai gama fahimtar abin da zai faɗa ba. Shekara shida ke nan ina shugabancin kwamitin wannan makaranta, kuma kaina bai taɓa ɗaurewa kamar yadda ya ɗaure a wannan shekara ba.

Na farko, abin da muke nema. Aji ɗaya muke nema, ɗaya tak, a jikin tsohon ginin ta gefen filin wasa. Yara goma sha tara na ƙaramin aji suna karatu a ɗakin rataye riguna, rigunan ruwan manyan yara na ɗiga a kan littattafansu. Ma'aikatar ilimi ta yarda za ta gina mana, amma da sharaɗi: mu kawo izinin gini daga ƙaramar hukuma kafin ƙarshen watan Yuli. Idan ba mu kawo ba, daga Satumba za a riƙa loda 'yan shekara biyar a bas kowace safiya zuwa birni, kilomita ashirin a kan hanyar da kuka sani. Jikata tana cikinsu, ba zan ɓoye muku ba, kuma abin yana hana ni sukuni.

Na biyu, abin da doka ta ce. Duk mai neman izinin gini sai ya kafa sanarwa a bakin ƙofarsa, inda mai wucewa a titi zai iya karantawa, ta zauna mako biyar cur ba ta motsa ba, domin wanda bai yarda ba ya samu damar kai ƙara. A watan Janairu na rubuta sanarwar, na rufe ta da leda, na manna ta a allo, na ɗaure allon da kusoshi huɗu a ginshiƙin ƙofar makaranta. Bayan mako uku wasiƙa ta zo cewa an yi watsi da takardunmu, domin jami'ar hukuma ta zo dubawa ba ta ga sanarwa ba. Na karanta wasiƙar, na shiga mota, na je ƙofar makaranta. Jama'a, ga allo nan a inda na kafa shi, tas da shi, ko ƙura babu.

Na buga wa ofishin waya. Na ce da jami'ar, "Ranki ya daɗe, yanzu haka hannuna yana kan allon." Ta ce, "Yallaɓai, ni kuma hannuna yana kan hoton ƙofarku, ginshiƙi ne kawai da ramukan kusa huɗu." Na ce, "Ko dai wata makarantar kika je?" Ta ce, "Kuna da kare mai ƙafa uku da yake kwanciya a bakin ƙofa?" To, duk kun san karen. Na ajiye wayar.

Muka sake shigar da takardu. Wannan karon aka ce sanarwar ta zama a takarda ruwan ɗorawa, domin haka ake yi wa wanda ya sake nema kafin wata shida. Dalilin launin ban sani ba har yau, na tambaya sau biyu, kuma amsar da aka ba ni ta fi tambayar wuya. Na kafa ruwan ɗorawa. Kullum na wuce ina ganinta. A watan Afrilu wasiƙa ta sake zuwa, da wani hoton, ginshiƙi da ramuka huɗu.

A nan, kafin in je ga na uku, ko na huɗu ne, akwai bashin haƙuri a kaina. Colman Heneghan, wanda gonarsa ke jikin katangar makaranta, ka taɓa yin ƙorafi a kan motocin iyaye da suke tare maka hanya, sai zuciyata ta ce kai ne kake cire allon. Mako shida ina ganinka a kasuwar tumaki ina kau da kai. Har na ce da matata ina da hujja, alhali ba ni da komai sai haushi. A ɓoye na zarge ka a raina, a gaban jama'a nake roƙonka gafara.

Ga abin da ya faru. Ranar Alhamis da ta wuce ana tsuga ruwa, wani yaro ya zubar da madara, Malama Nuala ta shiga ɗakin ajiya neman tsumma. Sai ga allonmu a jingine kusa da tukunyar ɗumama gini, an lulluɓe shi da tawul, kusoshinsa huɗu a jere cikin kofin shayi. Ta kira mai kula da makaranta, Baba Festy Mulkerrin, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana buɗe mana ƙofa. Ta ce, "Baba Festy, me ya kawo wannan nan?" Ya ce, "Ruwa ake yi, 'yata. Ba ki gani ba?" Ta ce, "Kullum haka kake yi?" Ya ce, "To da fa? In bar takardar hukuma a waje iska ta yi gaba da ita? Da an ɗauke nake mayarwa. Ai shugaban kwamiti da bakinsa ya ce in kula da ita."

Kuma gaskiya ya faɗa. Ranar da nake kafa allon yana riƙe mini da shi, na ce masa, "Festy, wannan takardar ita ce ajin yaran nan, kada ka bari komai ya same ta." Ban gaya masa dokar mako biyar ba. Ba mu taɓa gayyatarsa zaman kwamiti ba, ba mu taɓa nuna masa wasiƙun ba. Mu kuma, idan ana ruwa, wa ke tsayawa duba ginshiƙi? Sai mu sauke yara mu ja mota. Idan rana ta fito mu duba, mu ga allo, mu ce hukuma ta haukace. Jami'ar nan kuwa ruwa ba ya hana ta aiki, kuma a garin nan kwana nawa ne a wata ba a ruwa?

Saboda haka yau ban san wanda zan ɗora wa laifi ba. Jami'a ta faɗi abin da ta gani. Ni na faɗi abin da na gani. Baba Festy ya yi abin da aka sa shi, ya ma yi fiye da haka, domin cikin wata huɗu ya kwance kusoshin nan ya ɗaure su fiye da sau sittin da hannunsa mai ciwon sanyi. Kowa ya yi daidai, kuma mun rasa wata huɗu.

Gobe da ƙarfe tara za mu shigar da takardu karo na uku. Na ƙirga kwanakin da Malama Nuala, sannan na sake ƙirgawa ni kaɗai: idan aka sake watsi da su, babu sauran lokaci kafin watan Yuli ya ƙare.

Ranar Juma'a da safe na tarar da ambulan a ƙarƙashin ƙofar gidana. Babu wasiƙa a ciki, makullan makaranta ne kawai, na hannun Baba Festy: ya ajiye aiki ke nan. Ga su nan a hannuna. Baba Festy, na hango ka can baya kusa da tebur ɗin shayi, ka sunkuyar da kai. Na duba dokokin kwamiti ban ga inda aka ce in karɓa ba, ban kuma ga inda aka ce in ƙi ba, don haka zan yi abin da raina ya ba ni. Ka taso ka karɓi kayanka. Gobe kai za ka ɗaure allon da hannunka, kuma kwamiti ya ɗora maka aikin da ya fi kowane aiki yi maka wuya: mako biyar za ka tsaya a taga, ka ga ruwa yana dukan takardar nan, ka ga iska tana jijjiga ta, ka sa hannuwanka a aljihu ka bar ta ta jiƙe.

Allah ya ba shi ƙarfin zuciyar yin haka. Allah ya tsare tawadar kada ta wanke. Allah ya bar mana ƙananan yaranmu a garinsu, ya raya su, ya mai da kowa gidansa lafiya kafin dankalin abincin rana ya huce.

Na gode.