Alawar Bakin Shinge

Safiyar Asabar a garin Zwolle, a filin hoki, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda, ina jingine da shinge, wani mutum a gefena yana ta zabga wa mai tsaron gida ihu.

"Fenna! Fito mana! Kin tsaya kamar an dasa ki!"

Wata dattijuwa ta miƙo masa alawa mai tsinke. "Malam, ungo."

"Na yi miki kama da yaro?"

"Dokar kulob ce. Mai kula da tunanin ƴan wasa ya ce duk uban da ya ɗaga murya a toshe masa baki da ita."

"Ƴata ce! Yau masu zaɓen ƴan wasan ƙasa suna nan. In na yi shiru barci za ta yi."

"Tun ɗazu nake lura da ita. Da ka buɗe baki, kai take kallo, ba ƙwallo ba."

"Baiwar Allah, me kika sani a hoki?"

"Ɗana Sjoerd ya tsare ragar nan, kuma ya fi ƴarka. A nan nake tsayawa, muryata har ta fi taka."

"To, kin gani! Yanzu yana ina?"

"Ya ajiye sanda, ya koma tseren jirgin ruwa."

"Saboda me?"

"Ni ma na tambaye shi. Ya ce a tsakiyar teku ba ya jiyo ni."

Aka hura usur, za a buga wa Fenna fanareti. Yarinyar ta waiwayo shinge. Mutumin ya buɗe baki, sai ya fizge alawar, ya cusa ta har da ledarta.