Rabin Ƙwaya da Safe

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya cece ni.

Sunana Bulus, kafinta ne ni a kasuwar Katako, gidana yana Yantala. Yawancinku kun san ni, mai zama a benci na biyu da tabarau a ido da bik, wato biro, a aljihun gaba. Fasto ya ce in rubuta shaidata don takardar ikilisiya. Sati uku na yi ina rubuta ta da hannuna, ina gogewa ina sakewa. Ku yi haƙuri da ni, ban daɗe da fara rubutu ba.

Shekara ashirin da biyu na yi ina ƙarya a cikin gidana, kuma da sunan ibada nake yin ta!

Ban taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Ranar da na je neman auren Hannatu, babanta ya tambaye ni ko ina da karatu. Kunya ta kama ni, na ce ina da shi. Daga wannan kalma ɗaya komai ya taso.

Kun san kalandar nan da muke saye a majami'a kowace sabuwar shekara, wadda ake yage takarda ɗaya kowace rana, da ɗan tunani a kan gaskiya, ko farin ciki, ko yadda mutum zai yi rayuwa mai amfani. Kowace safiya ina tara iyalina a kan tabarma, in sa tabarau, in ɗaga takardar in karanta musu. Ban taɓa tuntuɓe ba ko sau ɗaya. To yaya zan yi tuntuɓe, tun da ba karatu nake yi ba?

Ga yadda nake yi. Ina yage takardar gobe a ɓoye in tafi da ita Katako. Kusa da rumfata akwai wani tela, Malam Sani, mutumin Damagaram, Musulmi mai kirki. Shi yake karanta mini sau biyu, in haddace ina goge katako. Yakan yi dariya ya ce, "Bulus, ni fa nake wa'azi a gidanka, kai baki kawai kake ba da aro. Yaushe za a fara kawo mini tuwon fasto?"

Wata rana ya ajiye almakashi ya ce, "Wasa a gefe. Takardar nan kullum gaskiya take cewa a faɗa. Kai ba ka jin ta ne?" Na ce masa ya kula da ɗinkinsa.

Ku dubi wannan abin haushi! Wanda ba ya zuwa majami'armu yana jin maganar tana taɓa shi, ni da nake ɗaga ta a gaban 'ya'yana ko a jikina. Tabarau ɗin ma gilashin banza ne, a bakin hanya na saye shi. Bik ɗin kuwa har ya bushe a aljihuna bai rubuta komai ba.

Bara, bayan damina, Hannatu ta fara ciwon kai da jiri. Likita ya ce tansiyo ne, wato hawan jini, ya rubuta magani. Na tafi farmasi. Kun san yadda suke yi: wanda bai iya karatu ba, sai su ja masa layi a jikin kwalin, layi ɗaya na safe, layi ɗaya na dare, su nuna masa da yatsa. Matar da ke sayarwa ta ɗauki kwalin ta ce, "Baba, in ja maka layi ne, ko in rubuta?"

A bayana akwai mutane a layi, har da wani ɗan'uwa daga wannan ikilisiya. Na gyara tabarau na ce, "Rubuta mana, ni za ki ja wa layi?"

Ta rubuta. Ta fara yi mini bayani da baki, na ɗaga mata hannu na ce na gani. Haka na yi, ni Bulus, da girman kaina!

Na bi ta Katako don Malam Sani ya duba mini, sai na tarar da shagonsa a rufe. An yi masa rasuwa, ya tafi Damagaram. Ga mutane cike da kasuwa, kowa zai iya karanta mini, amma ban tambayi ko ɗaya ba.

Da na isa gida Hannatu ta ce, "Baban Rifkatu, yaya aka ce in sha?" Na riƙe kwalin a gaban idona kamar mai nazari. Na ce, "Ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da yamma." Ai haka ake shan yawancin magani, in ji zuciyata. Ta ce to. Ba ta yi shakka ba, don me za ta yi? Mijinta mai karatu ne.

A rana ta biyu, da hantsi, tana shanya wanki ta yanke jiki ta faɗi. Maƙwabta suka sa ta a taksi, aka kira ni. Na tarar da ita a gadon likita an ɗaura mata ruwa, jikinta sanyi ƙalau, leɓenta sun yi fari. Aka ce jininta ya sauka ƙasa ƙwarai.

Babbar 'yarmu Rifkatu, wadda ke aure a Harobanda, ta iso da gudu. Likita ya tambayi abin da uwar take sha, aka kawo kwalin. Rifkatu ta duba ta ce, "Nan an rubuta rabin ƙwaya da safe. Rabi kawai! Mama, guda nawa kika sha?"

Hannatu ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Uku a rana. Babanki ya karanta mini. In akwai kuskure, daga masu farmasin ne."

Tana kwance tsakanin rai da mutuwa, tana kare ni!

Rifkatu ta ɗaure gyale a ƙugu. Ta ce lallai da baki matar ta faɗa mini wani abu dabam, yanzu za ta je farmasin nan, sai ta ga an kori matar daga aiki. Ta ce, "Baba, tashi mu tafi ka nuna mini ita."

Na ce ta ba ni minti biyar. Na fita na zauna ƙarƙashin wani itacen bedi a filin gidan likitar. Na sa hannu a aljihu, sai na ji takardar kalanda ta ranar. Kwana biyu ke nan, tun da Malam Sani ya tafi, ina maimaita wa iyalina tsofaffin da na haddace. Na buɗe ta ina kallo, baƙaƙe kamar tururuwa, ko ɗaya ban sani ba. Shaiɗan yana ce mini, "Yi shiru. Matar farmasi ba 'yar'uwarka ba ce. In ka faɗa, wa zai ƙara kiranka maigida?"

Haushin kaina ya cika ni. Na durƙusa a cikin ƙasa, mutane suna wucewa suna kallo. Na ce, "Yesu, shekara ashirin da biyu ina faɗin gaskiyarka da bakin ƙarya. Na kusa kashe matata. Yanzu kuma zan cuci baiwar Allah da ta yi aikinta daidai. Ka buɗe mini bakin nan, ko da kunya za ta kashe ni."

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Na dai tashi, ƙafafuna suka kai ni ɗakin.

Na cire tabarau na ajiye a kan gado. Na ce, "Hannatu, Rifkatu, ban iya karatu ba. Ban taɓa iyawa ba. Matar nan ta so ta ja mini layi, ni na hana ta."

Rifkatu ta ce, "To kalandar fa, Baba?" Na ce, "Malam Sani tela."

Hannatu ta juya fuskarta bango. Kwana huɗu ba ta yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya. Ranar da aka sallame ta, muna cikin taksi ta ce, "Ba rashin karatunka ya ƙona mini rai ba. Ni ma ban iya ba, ka taɓa ganin na mutu da kunya? Kullum ka bar ni ina ganin kaina ƙasa da kai, ashe tare muke. Da ka faɗa, da tuni mun koya."

Allah ya tashe ta, ya kuma tashe ni. Halleluya!

Yanzu ni da ita muna zuwa karatun manya, Talata da Alhamis bayan la'asar, kowa da kayensa na rubutu. Ta fi ni sauri, kuma ba ta bari in manta da haka. Na koma farmasi na ba matar haƙuri. Malam Sani da ya ji, cewa ya yi, "Alhamdu lillahi, an sauke ni daga fasto."

Amma akwai abin da yake ba ni haushi har yau, kuma zan faɗe shi. Ranar da na fara shiga aji, wasu a cikin wannan majami'a sun yi dariya: wai ga dattijo da furfura yana a, ba, ca. Irin wannan dariya ce take sa mutum ya sayi tabarau na ƙarya! Ku daina. Ban san ko mutum nawa ne a benci suke buɗe littafi suna motsa baki don tsoronku ba.

Kowace safiya har yanzu muna zama a kan tabarma. Layi huɗu na kalanda yana ɗaukar ni kusan rabin awa, da yatsa a ƙarƙashin kowace kalma. Koko yana hucewa, Hannatu tana gyara mini. A da ina zuba maganar farin ciki kamar rediyo, cikina cike da tsoro. Yanzu ina tuntuɓe, amma abin da na karanta yana bina har rumfa, ina juya shi ina aiki.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da kake ɓoyewa, kada ka jira sai wani naka ya kwanta a gadon likita. Ka kai shi gaban Yesu yau, ka dogara gare shi, zai riƙe ka a cikin kunyar. Na gode masa da ya bar mini matata.

Maganinta yana nan a kan tebur. Ni nake karanta kwalin kowace safiya, da idona: rabin ƙwaya. Yabo ga Ubangiji. Amin.