Yayana fita ne, ba ɓarawo ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shiri. Ni ce Ramatu daga Moshi Zango. Da hannun hagu nake rubuto maka, don an karya mini na dama.

Yayana Sule fita ne, wato makaniken mota, a Suame Magazin kafin taɓin hankali ya same shi, kuma ni ke kula da shi. Ba ya taɓa kowa, amma in ya ji mota tana wata irin ƙara, sai ya shige ƙarƙashinta da sifana.

Ranar Juma'a ina wanki ya fice. A unguwar Buokrom ya shiga ƙarƙashin wata trotro, motar haya, direban ya jawo shi ta ƙafa yana ihun "Ɓarawo!" Kafin labari ya same ni in iso, mutane sun fasa masa kai da bulo, sun zubar masa da haƙora, wani har ya kawo taya da fetur. Na faɗa kansa ina ihu, "Ba shi da lafiya!" Ƙarfen da aka ɗaga masa a hannuna ya sauka. Wata tsohuwa mai koko ce ta fizge fetur ɗin ta zubar. Hajiya, Allah ya saka miki.

Da ya farfaɗo a asibiti ya ce, "Ramatu, gaya wa direban nan birkinsa na yoyo, kada ya ɗauki mutane."

Yanzu kawunmu ya ce a sa masa sarƙa. Na ƙi. Masu sauraro, ya zan tsare shi ba ɗauri?

Kai kuma direba, in kana ji, je ka duba birkinka.