Kalmar da Ta Sa Likita Ta Ajiye Alƙalami

Mai girma shugabar taro, likitoci da malaman jinya, iyaye da 'yan'uwa da kuka cika ɗakin nan har bakin ƙofa, da ku sababbin tafintoci da aka yaye yau, assalamu alaikum. Ina godiya da aka ba ni wannan dama.

Kalma ɗaya ta Turanci na riƙo muku, ita ce "demur". Da farko, ma'anarta: mutum ya nuna bai amince ba, amma da nauyin baki, yana ɗari-ɗari, bai kai ga yanke hukunci ba. Asalinta daga tsohon Faransanci ne, shi kuma ya samo ta daga Latin, inda take nufin a dakata, a jinkirta.

Sai amfaninta, wanda na gani da idona. Mahaifina kafinta ne. Yanar ido ta ci ƙarfinsa har sai ya laluba kan ƙusa da yatsa kafin ya buga. Na kai shi asibiti, likitar ba ta jin Hausa, ni ma a lokacin ba na jin Turanci, sai aka kira tafinta. Da aka ce sai an yi aiki, Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "To, a bari dai tukuna."

Layi ya yi tsawo a waje. Da tafinta ya ce Baba ya ƙi, da an kira na gaba, da mun koma gida da makanta. Amma da wannan kalma ya fassara, kamar yadda ya bayyana mini daga baya. Likita ta ajiye alƙalami, ta ce a tambayi abin da ke damunsa.

Baba ya ce, "Yayana aka sa barci don aiki, bai farka ba."

Aka gaya masa zafin idon kaɗai za a kashe da allura, yana farke.

Ya ce, "Ina ji ina gani?"

Tafinta ya ce, "Ji dai, Baba. Ganin sai an kwance bandeji."

Ya yi dariya, ya amince. Ranar da aka kwance, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe haka kika rame."

Ya ku ƙannena, za ku tsaya tsakanin mai tsoro da mai gaggawa. Ku saurari magana, ku saurari muryar da ta faɗe ta. Kada ku mai da shakka ƙiyayya, kada kuma ku mai da ita yarda. Ku isar da ita yadda take.

Allah ya daidaita harsunanku, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa ɗakinsa lafiya.

Na gode.