Mijin Aro

Barira na sauka daga motar Gidan Amumune a tashar Mayahi, wani ɗan kabu-kabu ya tare ta da motonsa, babur ɗin haya.

"Baiwar Allah, gidan likita za ki? In allurar tazarar haihuwa ce, ni Ɗahiru zan kai ki, in shiga tare da ke in ce ni ne maigidan."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara goyonta. "Miji ɗaya ma ya ishe ni, balle na aro. Ungozoma ta ce doka ba ta ce sai da miji ba."

"Ai mata ba su sani ba, tsoro suke a koro su. Duk 'yan kabu-kabun tashar nan aikinmu ne, kuma mun yi rantsuwa: ba mai faɗin matar wa ya ɗauka, ko da ta abokinsa ce."

"To madalla. Kai kana barin taka ta je?"

"Tawa? Allah ya sawwaƙe! Hafsa ba ta san ko hanyar wurin ba. Autanmu har ya shiga lakwal yana karatun boko ba ta sake ciki ba, kuma ba allura ba ƙwaya. Allah ne ya kawo mana tazarar."

Barira ta juya ta kalli abokansa a gindin dalbejiya. Duk sun duƙufa suna goge madubin moto, ba mai ɗaga kai.

"Gaskiyarka, malam," ta ce. "Allah kan kawo ta. Wani sa'in ma a bayan moto."