Akori-kurata Mai Kukan Injin Niƙa

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Buba direba daga Nasarawo, nan Gombe.

Ana gab da kakar auduga tsohuwar akori-kurata ta buga inji. Maƙwabta suka ce yanzu kowa sabuwar mota yake saye, in bar wa kaji su yi ƙwai a ciki. Aminina Yohanna makanike ya ce, "Buba, bodinta garau yake." Ya cire injin fetur ya ɗaura mata ƙaramin injin gas. Kwana tara muna fama, a na goma ta tashi.

Muka tafi gwaji garin Kwadon. Muna tsayawa, inji na ta tuk-tuk-tuk, sai ga mata da ƙoren dawa sun yi layi. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ta ina ake zubawa?" Ashe sun ɗauka injin niƙa aka kawo musu! Yohanna ya yi dariya har da hawaye.

Audugar bana ta kai kasuwa, alhamdulillahi. Jama'a ku ba ni shawara: in ci gaba da dako, ko in koma niƙa? Don iyar nan ta Kwadon ta ce ranar Laraba tana jirana da dawarta.