Yadda Alhaji Hamissou Ya Kai 'Yata Cikin Rumbu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malam Liman, Allah ya ƙara maka lafiya. Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar mazauna Greensboro, da dattawan da ke zaune kusa da shi. Fasto Shekari da jama'ar cocinsa, waɗanda ba su taɓa barin mu mu kaɗai a jana'iza ko a suna ba. Hajiya Ramlatou, mai ɗakin marigayi, wadda ta fita takaba a makon nan. Oumaima da Saadatou, 'ya'yansa kuma 'ya'yanmu. Iyaye mata da ke can baya wajen rabon abinci, samari da 'yan mata, har da ku ƙanana da sai an fassara muku a mota. Ina gaishe ku duka, sannunku da zuwa.

Sunana Chaïbou. An ce ni zan yi magana saboda ni na zauna benci ɗaya da Alhaji Hamissou, kuma gaskiya ne. Da furfura a gemu muka shiga makarantar dare, in mun tashi daga aikin sito a Wendover, Malama Jemimah tana riƙe mana hannu muna jan harafi. Wannan takardar da hannuna na rubuta ta. In kun ga bakina ya ƙi rufuwa a wurin da ya kamata a yi jimami, ku yi mini uzuri. Jika na samu, kuma labarinta ba ya faɗuwa sai da labarin Hamissou.

Ya kasance mutumin da ake kira in baƙo ya sauka a filin jirgi ba shi da kowa. Ya kasance mai farar motar kayan nan da ba gidanmu a East Greensboro da ba ta yi wa ƙaura ba. Ya kasance mai raba rigimar ma'aurata da dariya, har su manta abin da ya haɗa su. Ya kuma kasance Bagobiri na ainihi, wanda Bazabarme ba ya shan iska a gabansa. Ku yaran da aka haifa a nan, ku ji: a gida Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne tun kakanni. Ɗaya zai zagi ɗaya, ya kira shi bawansa, ya shiga gidansa ya ɗauki abin da ya ga dama, kuma abin kunya ne a yi fushi. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi.

Kifi ne ya kai shi bakin teku. Ya ce kifin kanti ba shi da rai, sai ya riƙa tuƙa motarsa zuwa wani ƙauyen masunta a gabas, ya sayo ɗanye, ya yi mana banda a bayan gidansa. A can ya yi aboki, wani tsohon masunci mai suna Justin. Ranar da ya fara dawowa, dariya ta hana shi cin tuwo. Ya ce mana ya ga garin da mutane ke kwana a rumbu. Gidajensu a kan dogayen ƙafafu suke, sai an hau matakala, kamar yadda muke ɗaga rumbun gero don gara da ɓera.

Amma ya ga wani abin kuma. A ƙarshen ƙauyen akwai wani kwari mai baƙar ƙasa da ɗanyar ciyawa, ba wanda ke nomawa. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da zuciyarsa ta ce masa: fadama. A gida mai fadama shi ne mai arziki, a kanta 'yan'uwa ke zuwa gaban alƙali. Ya roƙi Justin ya ara masa wurin. Justin ya ba shi, yana kaɗa kai. Hamissou ya shuka yakuwa da kuɓewa da tattasai, suka yi kyau har muka riƙa aika hotunansu gida.

Sai wata rana da azahar aka tsuge da ruwa, ruwan kuma ya tarar da teku a cike. Ruwan sama bai samu inda zai gangara ba, na teku ya biyo rafi ya shigo, suka haɗu a tsakiyar gari. Kafin la'asar lambu ya zama tafki. Hamissou ya ce ƙaddara ce, ya sake shuka. Ruwa ya sake cinyewa. Ya sake, don Bagobiri ba ya jin magana sai ta uku. A nan ne ya zauna ya tambayi Justin, shin wannan abu sau nawa yake zuwa. Justin ya ce masa lokacin da yake yaro irin wannan ambaliya takan daɗe ƙwarai ba ta zo ba, har tsofaffi da ita suke tuna shekarar haihuwar mutum. Yanzu kuwa, a ƙauyensu, da wuya shekara ta wuce ba a yi ba, wata shekarar ma ta maimaita, kuma ba ta jiran babbar guguwar da ake sanarwa a talabijin. Ruwan yini ɗaya ya ishe ta.

Hamissou ya dawo ya tara mu bayan sallar Juma'a. Ya ce: "Jama'a, mu da muka girma muna roƙon ruwa, ba mu iya jin tsoronsa ba. Sai mu koya."

Daga nan ya kasance shi ne ke fara tashi in an ce ruwa ya shiga ƙauyen. Ya bi gidajenmu ya tara barguna da ruwan sha da shinkafa, Fasto Shekari ya ƙaro nasu, farar mota ta kama hanya. Ya kasance mai fitar da jiƙaƙƙun dardumomi daga ɗakunan tsofaffin da bai san sunansu ba. Mutanen ƙauyen ba su iya faɗin Hamissou ba, amma har karnukansu sun san ƙarar motarsa.

To, ga inda abin ya shigo gidana. Surukina Lamine, mijin 'yata Kouloussoum, ya samu aiki a gidan gyaran kifi na wannan ƙauyen. Lamine yaron kirki ne, aibinsa ɗaya, kamar yadda Hamissou ke cewa, Bazabarme ne. Gidaje biyu aka nuna masa. Ɗaya na 'yar'uwar Justin da ta rasu, a sama kan ƙafafu. Ɗaya a ƙasa, kusa da rafi, da fili mai baƙar ƙasa a bayansa. Kun san wanda ya ɗauka. Ya ce shi ba zai kira mahaifiyarsa a Dosso ya nuna mata ya ajiye 'yar mutane a rumbu ba. Ya ce matarsa ba gero ba ce.

Justin ya yi masa magana. Na yi masa magana. Hamissou ya ba shi labarin lambunsa tun daga farko. Lamine ya sunkuyar da kai ya ce to, Baba, to, Baba, bai motsa ko cokali ba. Ana nan Kouloussoum ta samu ciki, zafi ya shigo, lokacin ruwan ya matso. Na daina barci mai kyau. In waya ta yi ƙarar gargaɗin ambaliya, sai in kira Kouloussoum. Shi kuwa Hamissou ciwo ya riga ya kama shi, amma ya ɓoye mana girmansa.

Wata Asabar, Lamine yana wurin aiki, sai ga farar mota a ƙofar gidansu. Hamissou ya ce wa Kouloussoum ta zauna ta huta, ya zo karɓar haraji ne a wurin bawansa Lamine. Ya kwashi tukwane, ya ɗauki turmi da taɓarya, ya naɗe katifa, har buhun shinkafa bai bari ba. Shi da Justin, tsofaffi biyu, suka yi ta hawa matakalar gidan sama suna nishi, suna hutawa, suna zagin juna kowa da harshensa. Da Lamine ya dawo ya tarar da ɗaki wayam, aka nuna masa sama. Ya je ya tarar Hamissou zaune a kan matakala ta ƙarshe yana shan shayi.

Lamine ya ce: "Baba Alhaji, wannan ai sata ce da rana tsaka."

Hamissou ya ce: "Yaushe bawa ya yi kayan da za a sata? Kai da tukunyarka duk nawa ne. In kana so ka yi fushi, yi, in kira Dosso in shaida musu."

Lamine ya haɗiye fushinsa, don ya san abin da za a ce da shi a gida. Washegari ya sauko da kayansa ɗaya bayan ɗaya. Asabar ta zagayo, farar mota ta dawo, kaya suka sake hawa. A wannan karon Kouloussoum ta yafa gyalenta ta bi su. Da mijinta ya zo kiran ta, ta leƙo ta ce masa ita ba ta saɓa wa kowa ba, amma mace inda tukunyarta take nan take, kuma ciki ba zai bar ta ta yi ta hawa da sauka ba. Lamine ya koma gidan ƙasa shi da girman kansa. Girman kai ba ya dafa miya. Ba a daɗe ba ƙanshin yakuwa ya hau da shi.

Wannan ce tafiyar Hamissou ta ƙarshe zuwa teku. Daga ita sai likita. Da na je duba shi, bai bari na gama gaisuwa ba ya ce: "Sun hau?"

Na ce sun hau.

"Har Bazabarmen?"

Na ce har shi.

Ya yi dariya har mai jinya ta leƙo. Sannan ya ce: "Ka gaya masa kada ya sauko sai na ba shi izini." Mako bai zagayo ba Allah ya karɓi abinsa.

Ba mu yi sadakar arba'in ba ruwan ya zo. Da rana ne, ina tsaye a sito, Kouloussoum ta kira ni ta juya mini waya. Na ga ruwa ja yana gudu tsakanin ƙafafun gidan, yana jan kujeru da kwandunan shara. Ta nuna mini gidan ƙasa daga nesa, ruwa ya kai taga. Hanya ta yanke, ba motar da za ta shiga ko ta fita sai washegari. 'Yata da cikinta mai nauyi tana zaune a busasshen ɗaki, tukunya a kan wuta. Can gefe na hango Lamine ya dafa ƙarfen baranda yana kallon tsohon gidansa, yana share ido da hularsa. Na kashe wayar. Na nemi wuri bayan kwalaye na yi sujada.

An haifi jikata lafiya, mace, mai kumatu. A can sama aka yi suna, kuma Malam Liman shaida ne, don da kansa ya tattare babbar riga ya hau rumbun. Justin ya ci naman rago har ya nemi ƙari. Lamine ya sa wa yarinya Ramlatou. Ya ce da namiji ne da an san sunansa, amma wannan ma ya fi, domin matar da ta yi haƙuri da Bagobiri tsawon rayuwa ta cancanci takwara. Na tambaye shi ko zai nemi wani gida in haya ta ƙare. Ya ce izini bai zo ba, kuma mai ba da shi ya tafi, saboda haka yana sama.

Oumaima, Saadatou, ku ji da kunnenku. Mahaifinku bai bar muku suna a jikin wani gini ba, amma akwai garin da ba za ku kwana da yunwa a cikinsa ba. Mu kuma jama'a, ruwan nan zai dawo, baɗi ko kafin baɗi. Duk ɗanmu da ya samu aiki a bakin teku, a gaya masa kafin ya tafi: kwarin da ya gani ba fadama ba ce. In ya ƙi ji, muna da sauran Gobirawa.

Hajiya Ramlatou, ranar suna kina cikin takaba, ba ki samu zuwa ba. Mun san ɗaki ya yi miki faɗi. Ba mu da abin da za mu biya ki da shi, amma mun zo miki da baƙuwa. Kouloussoum, taso, 'yata. Kai wa Hajiya takwararta. Hajiya, karɓi, ki riƙe ta da kyau. Aikin mijinki ne na ƙarshe, ga shi yana motsi a hannunki.

Mun gode wa waɗanda suka dafa, da waɗanda suka jera kujeru, da Justin da ya yi doguwar tafiya ya zauna cikinmu ko da ba ya jin abin da nake faɗa. Wani ya fassara masa, amma a tsallake wurin nishi.

Ya Allah, bawanka Hamissou ya ɗaga 'ya'yan mutane daga ruwa, ka ɗaga darajarsa. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sanya shi a inuwa. Ka ba Hajiya da 'ya'yanta haƙuri, ka raya wannan jaririya cikin albarka. Ka tsare mutanen bakin teku, namu da waɗanda ba namu ba. Ka ba ƙasarmu damina mai kyau, ka ba kowa ruwa daidai buƙatarsa. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Malam Liman, bismillah, a yi mana Fatiha.